Yadda Na Baro Langata a Debrecen

Asabar, Illela zuwa Abuja

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame asuba, muka ɗaga daga tashar Illela. Ni da ko Ƙonni sai da dalili nake leƙawa, yau ga ni zan ƙetare teku. Dalilin kuwa autata ce, Hadiza. Wata bakwai tana Debrecen ta ƙasar Hungary tana koyon yarensu, kuma sai ta ci jarrabawar baka za a ɗauke ta karatun haɗa magunguna. Kullum a waya zance ɗaya: "Inna, bakina ya ƙi buɗewa, gida zan dawo." Yayanta Bashiru ya nemo mini biza, ya ce in je in gani da idona.

Direba ya ɗaga jakata ya ce, "Inna, wagga tahiya ta ko ƙaura?"

Na ce, "Garin hura na da kilishi. Tuƙa mu."

Shinge shida muka wuce, bakwai da kwata muna Sakkwato. Daga nan na hau jirgin sama, azahar a Abuja na yi ta.

Lahadi, Istanbul zuwa Debrecen

Jirgi biyu na hau, ban saki carbi ba. A filin jirgin Budapest wani karen kwastan mai ladabi ya shinshina ya zauna gaban jakata, ashe nama ba ya shiga ƙasar. Ma'aikata suka karɓe kilishina, na ce su haɗa da albasa. Gari da langata ta aure kam suka bar mini.

Hadiza na jira a ƙofa, ta rame sai idanu. Awa biyu da rabi muka yi a jirgin ƙasa, gonakin masara shimfiɗe kamar an yi wa gonakinmu na Amarawa guga.

Litinin

Ɗakinta na hawa na uku, tsaf. Na ce, "Su wa ke maƙwabtaka da ke?"

"Ban san su ba, Inna. Nan ba a shiga wa mutane."

"Wata bakwai? To da wa za ki yi yaren, da bango?"

Na yi fura, na dama da kindirmonsu, na cika langa, na tisa ta gaba zuwa ƙofar da ke kallon tamu. Wata tsohuwa mai sanda ta buɗe, sunanta Marika. Hadiza ta yi bayani da ɗan guntun yarensu. Tsohuwa ta karɓa ta rufe ƙofa.

"Kin gani ko, Inna?"

"Mi na gani? Langata na wurinta."

Talata zuwa mako na biyu

Ƙarfe tara na safe aka ƙwanƙwasa. Marika ce, langa cike da gurasa mai zaƙi da tuffa a ciki, tana ta nanata wa Hadiza babu man alade. Na ce matar nan ta sami tarbiyya, ba ta maido kwano wayam ba.

Ashe ta fi ni surutu, ga nauyin kunne. Hadiza ta zama tafinta, kuma raɗa ba ta aiki, dole ta ɗaga murya. Marika ta tambayi yadda ake fura. Na faɗa tun daga surfe, Hadiza ta juya da yarensu, tsohuwa ta buga sanda ta gyara mata, Hadiza ta sake. Washegari Marika ta manta, aka sake daga farko. Kwana goma langa na kai da kawo. Mun ga tsohon cocinsu mai ruwan ɗorawa da kasuwar barkono, ni ma na samo "kosonom", wato na gode, na yi ta rabawa har ga mai shara.

Komawa

Ranar tafiya na cika langa na miƙa wa Marika. A tasha Hadiza ta zabura: "Inna, langarki."

"Bar ta. In ta dawo, ki cika ki mayar."

Alhamis bayan la'asar na sauka Illela, mata suka cika gida suna neman tsaraba.

Bayan mako uku Hadiza ta bugo waya ta ba ni labari. Malamin jarrabawa ya ce Hadiza ta ba shi labarin abincin garinsu. Ta ɗauko tun daga surfe, da ƙarfi kamar yana da nauyin kunne, sai da ya ɗaga hannu ya ce ya isa, ta ci.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Na gode wa Bashiru, na gode wa Marika, Allah Ya ƙara mata lafiya. Masu tambayar langata kuwa, tana can tana karatu, ba yanzu za ta dawo ba.