Toka a Bakin Gada

Ranar Talata ce, a tsakiyar bazara. Na tashi da kiran assalatu kamar kullum, na zauna gindin randa ina ɗura ruwa a leda. Babu wutar lantarki a unguwarmu ta Kirkissoye tun ƙarshen mako. Firijin kowa ya koma akwatin ajiye kwanuka, amma randata tana nan da sanyinta, domin duk ruwan da na tsoma wa hannu sai ya yi sanyi ƙarara. Da wannan sana'a nake ci, da ita nake riƙe Baba da 'yata Nana, mai shekara shida.

Bari in faɗi ko ni wace ce, tunda ba kowa ya san irinmu ba. Sunana Hajo. Ubana mutum ne kamar kowa, Bamaraɗe, tsohon ma'aikacin gidan waya. Uwata kuwa 'yar ruwa ce, daga mutanen da ke zaune a ƙarƙashin kogin Isa tun kafin a kafa Yamai. Ta fito tudu ta aure shi, ta haife ni, ta mutu, aka binne ta a ƙasa. Ni na gaji rabi nan rabi can. Ina iya yin numfashi a cikin ruwa. Tafin hannuna ba ya rabuwa da laima, kuma duk inda na taka sai sawuna ya jiƙe, ko da takalmi ko babu. Mijina ya sake ni don uwarsa ta gaji da shanya darduma. Nana shi ta biyo, ƙafarta a bushe take ƙayau.

Ba abin da ban yi ba don a ce ni 'yar unguwa ce. Ba a biki ko suna ban je da tulun ruwan sanyi ba. Gidan makoki kyauta nake kai musu. Suna sha, suna sa albarka, in na juya baya su goge inda na tsaya da tsumma. Ina gani, ina yin kamar ban gani ba.

Rikicin mutanen tudu da 'yan ruwa ya daɗe yana ci. Manyan motocin yashi suka yi ta haƙar gindin kogi har suka rushe wa 'yan ruwa ɗakuna da kaburbura. 'Yan ruwa suka fara kifar da jirage. Mutanen tudu suka zuba guba a kogi, aka wayi gari kifaye da jariran 'yan ruwa suna yawo a saman ruwa. Kowane ɓangare yana rantsuwa shi aka fara taɓawa. Ranar Litinin da la'asar, jirgin mata masu dawowa daga cin kasuwa ya nutse, alhali kogi yana kwance ko iska babu. Ba wadda ta fita. Da matan unguwarmu a ciki.

Washegari, Talatar nan, har ƙarfe bakwai na safe ba wanda ya zo sayen ruwa. A da, war haka yara sun yi layi a ƙofa. Ƙarfe takwas Madam Saratu ta leƙo ta kan katanga. Maƙwabciyarmu ce, ma'aikaciyar jinya, Kirista 'yar Dogondutsi. Ta ce, "Hajo, kar ki bar ɗiyag ga ta tahi lakkwal yau." Na cire wa Nana kayan makaranta.

Wajen ƙarfe goma aka dawo daga jana'izar matan. Abin da na fara ji shiru ne, ko kukan babur babu. Sai wani ya fara dukan turken fitila da ƙarfe, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Sai gudu. Sai murya.

"Ku hiddo masu jiƙaƙƙen sau!"

Na gane muryar. Garba ne mai shagon bakin layi. Garban da talotalon maƙwabta ya taɓa kora har ya bar takalminsa ɗaya a titi. Garban da na tsamo wa ɗa daga ambaliya, ya durƙusa yana kuka yana cewa ya zama bawana har abada. Yau ya sami mutum ɗari a bayansa, ya zama sarkin yaƙi. Har yanzu in na tuna muryar nan ba tsoro nake ji ba, tofar da yawu nake.

Baba yana zaure da rediyonsa. Ya shigo ya ɗauki tsohuwar hularsa ta aiki ya ɗora, sai ka ce masu gora suna jin kunyar hula. Ya ce, "Ɗauki yarinya ki bi ta baya." Na ce ya zo mu tafi. Ko kallona bai yi ba, ya koma ya tsaya a bakin ƙofa.

Na miƙa wa Madam Nana ta kan katanga, na haura. Ina saman katangar na ji shi yana ɗaga murya.

"Ku dubi sawuna! Ni ɗan Maraɗi ne! Kun san ni!"

"Kai ka jawo muna su!" in ji wani daga cikin taron.

Sai ƙarar gora. Ba sau ɗaya ba. Daga nan ban ƙara jin muryarsa ba. Rediyon dai bai mutu ba, ya ci gaba da karanta gaishe-gaishen masu saurare.

Madam ta ja mu zuwa ƙofar bayan gidanta. Ta ce in bar mata Nana. Na ce a'a, ina da dangi a kogi. Ta dube ni kamar yadda take duban majinyacin da ya ƙi shan magani. Ta ce, "Ina bakin tsohuwar gada har azahar." Ta tura mu waje ta sa sakata.

Na goya Nana na bi ta lungu, na faɗa lambuna, na ɓulla gonakin shinkafa. A bayana sawuna ne a jere a kan ƙasa, baƙi-baƙi, ko makaho zai bi. Rana ce ta rufa mini asiri. Tana shanye su kafin a iso. Da na waiga, hayaƙi yana tashi wuri-wuri a cikin unguwa, kuma na san gidan wa da wa ne a ƙarƙashin kowane hayaƙi. Nana ba ta yi kuka ba. Ta dai riƙe wuyana har ina shaƙewa.

Na isa bakin kogi rana ta kusa tsaka. 'Yan ruwa suna da ƙa'ida: ɗan dangi ba ya yi musu magana daga tudu. Sai ya shiga ruwa har ƙirji, ya mari ruwa da tafi, ya kira sunan uwarsa. Na ɗora Nana a wuya, na shiga, na mari ruwa, na kira sunan uwata.

Sun daɗe ba su fito ba. Manya ne, ai sai an jira su. Can ruwa ya tsage, Kawu ya ɗago har kafaɗa, wasu maza a bayansa riƙe da masu. Yayan uwata ne. Sau biyu na taɓa ganinsa, kuma da ta mutu ko gaisuwa bai aiko ba. Ya shinshina iska, ya yamutsa fuska.

"Kina warin hayaƙi."

Na ce an kashe ubana, an ƙone gidana, na zo gidan uwata.

"Sauko da wannan."

A wurinsu ba a karɓar yaro da baki. Tsoma shi ake yi. In ruwa ya san shi, zai yi numfashi. Na buɗe baki zan ce ubanta ta biyo, amma kafin in rufe ya kama ƙafarta ya fizge ta ƙasa. Na nutsa na bi su. Na ga idonta a buɗe, kumfa yana fita daga bakinta, tana laluben zanena. Kawu yana riƙe da ita yana kallo, hankali kwance, kamar mai gwada ƙwai a kasuwa. Na kafa masa haƙori a hannu har na ji ƙashi. Na fito da ita tana aman ruwa.

Dariya suka yi. Dariyarsu kamar ana tuntsurar da tulu take, bul-bul-bul.

"Ke, za mu daure da warinki," in ji Kawu. "Wannan mai da wa masu ita."

Ɗan'uwa rabin jiki, in ji masu magana. Lalle na ga rabin jikina ranar. Ina ja da baya ya ɗaga murya ya ce in faɗa wa mutanen tudu damina na nan tafe. Jarumai ke nan, masu nutsar da mata da kwandunan kabewa. Da su da Garba duk kanwar ja ce.

Gaba kura, baya sayaki. Na bi gefen kogi cikin ciyawa, Nana tana tari a bayana, har na hango tsohuwar gada. Rana ta take. Mutane sun yi cincirindo, kowa da ƙunshinsa, ana son ƙetarewa cikin gari. A bakin gadar samari sun zazzage buhunan toka, sun baje ta daga wannan gefe zuwa wancan. Kowa sai ya cire takalmi ya taka. Masu kaki suna ƙarƙashin bishiya suna latsa waya.

"Hid da takalmi! Taka! Wuce!" in ji samarin.

Ina ɓoye bayan wata babbar mota da ta mutu a gefen hanya na ga an turo wani malamin makaranta, irina. Ya taka. Tokar ta yi baƙi a ƙarƙashin ƙafarsa. Aka yi ihu kamar an ci ƙwallo. Ba su jefa shi kogi ba, sun san zai rayu. Sun yi tunani, ka gani, sun zo da fetur. Na danna fuskar Nana a cikina na toshe mata kunne.

Nan Madam ta same mu. Ta dubi Nana sau ɗaya ta ce, "Wayyo Yesu." Sai a lokacin na lura. Yarinyar sharkaf take. Rigarta tana ɗiga, kitsonta yana ɗiga, ruwan Kawu yana gangarowa har tafin ƙafarta. Ƙafar da Allah ya yi busasshiya, dangina sun jiƙa mata ita.

Na kai hannu zan goge ta. Madam ta buge hannun.

"Kar ki taɓa ta! Ja baya!"

Gaskiya ta faɗa. Duk inda hannuna ya sauka laima zai bari. Na ja baya na tsaya. Madam ta tuɓe mata riga ta jefar ƙarƙashin mota. Ta matse kitson da mayafinta. Ta ciro farar rigarta ta aiki daga jaka ta goge ta tun daga wuya har ƙasa. Ta ɗebi yashi mai zafi ta murza mata a tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaura mata ɗankwalinta a ƙirji, ta tsayar da ita a rana. Nana tana miƙo mini hannu, ni kuma na harɗe nawa a baya. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan tsayuwar ba.

Na durƙusa daga nesa na ce mata, "Madam ce uwarki yau. Ki taka tokar ki wuce. Kome kika ji, kar ki waiwayo."

Suka shiga layi. Da suka kusa gaba na ga wanda ke duba sawu. Garba ne, ya baro unguwa ya zo ya karɓi babban muƙami. Ya san Nana tun tana goye. A shagonsa take sayen alewa.

"Ɗiyar wa?"

"Tawa," in ji Madam.

"Taka!"

Ta taka. Ƙananan sawu, fari fat. Garba ya duƙa har gemunsa ya kusa taɓa ƙasa. Ya dubi toka, ya dubi fuskar yarinyar, ya sake duban toka. Sai ya ɗaga gora ya ce su wuce. Ko imani ne ya motsa masa, ko kuwa ya fi yarda da toka a kan idonsa, ban sani ba. Ko wanne ne, ba zan gode masa ba.

Na bi ta da ido a kan gada, hannunta cikin na Madam, har jama'a suka rufe su. Daidai nan aka kira azahar, masallatan wannan gaɓa da na waccan a tare. Wasu daga cikin samarin suka ajiye gora suka tafi alwala. Na silale cikin ciyawa na faɗa ruwa.

Ban je wurin Kawu ba. Akwai wani tsibirin yashi a tsakiyar kogi, inda jirage ba sa tsayawa, 'yan ruwa kuma ba sa hawa. Can na tarar da sauran irina da suka tsira. Can muke har yau. In kogi ya cika mu matsa sama, in ya janye mu sauko.

An binne Baba ba ni. An ce waɗanda suka kashe shi suna sahun gaba a sallarsa. Gidanmu ya ƙone har randa ta fashe. Nana tana unguwar Yantala, can ƙetaren gada, wurin Madam, da wani suna, a wata makaranta. Wani tsohon masunci yana kawo mini labarinta in ya ga dama. Ya ce ta yi tsawo. Ya ce haƙoranta na gaba sun fita, wasu sun tsiro. Zuwansa na ƙarshe ya ce ta daina tambayata.

Ni na ce mata kar ta waiwayo, kuma Nana tun asali yarinya ce mai jin magana.