Garmar Baba a Ruwan Kanwa

Daga Guci zuwa Dungas

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Talata na hau kabu-kabu, ɗauke da kan garmar shanun marigayi Baba a cinyata. Tsatsa ta cinye shi, ƙusoshinsa sun ƙi motsi. Yaya Sale ya rantse in Juma'a ta yi bai gyaru ba, masu sayen tsohon ƙarfe zai ba su garmar. Ni kuwa da ita Baba ya koya mini noma, raina bai yarda ba.

Bakwai da kwata muka shiga Dungas. Na sha koko da ƙosai, na sayi kanwar da shanunmu ke lasa, na jefa a jaka.

Magariya

A shingen jandarma aka tambaye ni me na ƙunso. Da na buɗe, jandarman ya yi dariya, wai gawa zan kai asibiti.

Sha ɗaya na iske Malam Isufu, mai fidda tsatsa da wutar batir. Ya ce sodar da yake zubawa a ruwa ta ƙare, sai mako mai zuwa. Na tambaya wace irin aba ce sodar nan. Ya ce ai ƙanwar kanwa ce.

"To ga yayar tata, Malam," na ce, na zazzage jakata.

Ya harare ni, amma ya jiƙa ta a robar wanki. Baƙar waya ya maƙala wa kan garmar, ja kuma ga wani guntun ƙarfe, ya tsoma su a ruwan bai bari sun taɓa juna ba, ya haɗa wayoyin da batir. Wallahi kafin mu idar da azahar ruwan ya fara kumfa. Kwana biyu na yi a gidansa, tsatsa na barin garmar tana komawa kan guntun. Ran Alhamis ƙusoshin suka kwance da hannu. Ya sa su a wani ruwa mai tsami tare da tutiya, ya sake ba su wuta, suka fito farare tas, ya ce damina ba za ta yi saurin cin su ba.

Gida

Juma'a da hantsi na sauka Guci, mai sayen ƙarfe har ya iso da amalankensa. Yaya Sale ya juya ƙusa ɗaya da yatsa. Sannan ya sallami mutumin, ya dube ni.

"Ɗauro shanun, ƙane. Ni zan fara riƙe ta."

Na gode wa Allah, na gode wa Malam Isufu.