Wayar da Mukhtari ya ɗaure a azarata

Shekarar da mijina Malam Uzairu ya rasu, ina cikin takaba, mahaifiyata tana kwance a Argungu, ciwon ƙafa ya hana ta zuwa gaisuwa. Ni ba fita, ita ba zuwa. Ran kwana tara sai na ji motsi bisa katanga. Mukhtari ne, ma'aikacin kamfanin waya na gwamnati, mai hawa turaku yana gyara. Ya jawo waya tun daga turken bakin masallaci, ya ɗaure a azarar ɗakina, ya miƙo kan tarho ta taga, yana kallon gefe.

"Matar Malam, amshi. Inna ta."

Na ji muryar uwata, muka yi kuka har ya ishe mu. Bayan la'asar ya ɗauki tarhonsa, ya bar wayar.

Mutumin Gidan Katta ne, gajere, kafaɗarsa ɗaya ta karkace don ɗaukar tsani. Ya fi shekara ashirin yana bin hanyar Sakkwato da keke. In iskar damina ta kada turke, kafin fatake masu kai kaya Ƙonni su fara mita, ya tayar da shi.

Da muka ji a rediyo an sayar wa 'yan kasuwa wani kaso na kamfanin, Mukhtari murna ya yi. Har ya kai kakinsa wurin tela. Ya ce masu abin za su zo duba layi, su ga na garinmu Illela bai taɓa mutuwa ba. Ba su zo ba. Takardar sallama ce ta zo, aka sa wa ofis kwaɗo.

Wayar hannu ta cika gari, masu sayen tsohon ƙarfe suka bi turaku suna tsinke wayoyin layi. Shi kuwa kullum da hantsi yana bin layin da ƙafa, ya ɗaure abin da ya saura. Samari su tsokane shi:

"Baba Mukhtari, layi ya dawo?"

"Shina tahe, 'yan nema. Ku dai cire yatsa daga hanci."

Bara ya rasu, Allah Ya haskaka kabarinsa. Duk unguwar nan, tawa ce kaɗai wayar da ta rage.

Yanzu ɗana Sufyanu ya sauke bulo a tsakar gida, zai rushe ɗakin bayan salla don bango ya tsage. Jiya ya ce, "Inna, wagga waya mi amfaninta? Ko shanya kin hana a yi bisa."

Na ɗaga kai na dubi azarar. Ɗakin ba zai kai wata damina ba, na sani. Amma kafin ciwo ya kwantar da Mukhtari, ya tsaya bakin tagar nan, yana kallon gefe kamar ranar farko, ya ce:

"Matar Malam, don Allah kar ki bari a kwance ta. In masu kamfanin sun zo ba ni nan, ki gwada musu, ki ce aikin Mukhtari na."