Abincin Baffa a Bayan Labule

Ranar da muka zauna a kan maganar Baffa, mahaifinmu, ba a yi minti goma ba aka damƙa mini komai. Mu biyar ya haifa, ni ce babba, kuma ni ce na yi shekara talatin da biyu ina aikin jinya, takwas na ƙarshe ina matiron a ɗakin kwantar da maza. Ƙanena mai sayar da kayan gini ya ce ai magana ta ƙare, ga gwana a gida, wa zai tsaya neman wani. Ni ma ban yi wani kawaici ba. Na ce a kwaso kayansa daga unguwar Kumbiya-Kumbiya a kawo shi gidana a unguwar Barunde, inda muke da ɗaki mai banɗaki a ciki da ƙofar da ba ta kallon titi.

A ruga aka haifi Baffa. Yana saurayi ya shigo Gombe, ya kama sana'ar hatsi, ya shekara hamsin yana yinta. Mu dai da Hausa muka tashi muka gan shi, da babbar riga, da rediyo a gefen tabarma. Yana cin abinci da kowa, har da maigidana, yana ma tsokanar 'yan uwansa na daji idan sun zo suna noƙe-noƙe a kan kwano. Da gigin tsufa ya kama shi, hanyar dawowa daga masallaci ya fara mantawa, sai sunayen jikoki, sai namu. Daga baya Hausar ma ta riƙa zubewa, Fillanci ya dawo bakinsa. Ni ina jin Fillanci, amma da Hausa nake mayarwa.

Ban shiga aikin da ka ba. Bayan na yi ritaya na halarci wani taron bita na kwana uku a kan kula da tsofaffi. Kafin kowane mai jawabi ya tashi sai an karanto tarihin aikinsa, kuma karatun yakan fi addu'ar buɗe taro tsawo. Ɗaya likitan ƙwaƙwalwa ne. Ɗaya da harhaɗa magunguna ya fara kafin ya koma binciken tsufa. Akwai wata da ta fito daga ɓangaren gashin ƙashi, ta taɓa shugabantar gidan kula da tsofaffi a wata ƙasa. Sun san abin da suke faɗa, kuma na ƙaru da su: a ɗauke duk abin da zai sa tuntuɓe, a bar haske a ɗaki, a riƙa auna nauyi. Abin da na ja wa layi biyu a littafina shi ne kada a bar mai wannan ciwo ya ci abinci shi kaɗai, don kada ya sarƙe. A zauna gabansa, a dube shi, a ƙarfafa masa gwiwa.

Haka na yi, har na ƙara da nawa. Na sa tebur da kujera mai hannu, na tanadi tawul na ɗaura masa a wuya. Sau uku a rana nakan ja kujera in zauna daf da shi da cokali a hannu. Da rana kuma in roƙi maigidana ya shigo da nasa kwanon su ci tare, wai ko ganin wani na ci zai motsa shi. Maigidana mutum ne mai son kyautatawa. Yakan zauna yana ta cewa, Baffa bismilla, Baffa ko loma ɗaya.

Baffa sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Mi haari.” Wato ya ƙoshi. Mutumin da tun shayin safe, shi ma kurɓa biyu, bai sa komai a ciki ba.

Na canza tuwo zuwa fate, fate zuwa kunun gyaɗa, kunu zuwa fura da kindirmo. Na haska bakinsa da tocila ina neman gyambo, na duba haƙora, na matsa ciki. Cikin mako uku wandonsa ya daina zama sai an ninka ƙugu, zoben azurfarsa ya zame ya faɗi a wurin alwala. Likitan da ke duba shi ya gwada haɗiyarsa, ya ce lafiya lau take. Ya ce in kawo shi bayan mako guda, idan ba a ga canji ba sai dai a sa masa roba ta hanci a riƙa ɗura masa abinci.

Ni ba sai an yi mini bayanin robar nan ba. Da hannuna na sa wa mutanen da ban san adadinsu ba. Na san tsohon da hankalinsa ya rikice fizge ta yake yi, a mayar, ya sake fizgewa, ƙarshe a ɗaure masa hannuwa da bandeji a jikin gado. Na sha ba da umarnin a yi hakan ba tare da na ji komai ba. Yanzu ga shi ana maganar hannun Baffa.

A makon nan ne na yi masa tsawa. Na buga cokali a tebur, na ce masa wannan taurin kai ne, so yake ya kashe kansa a gidana mutane su ce na kasa. Bai ɗago ba. Cikin Fillanci, da irin ladabin da ake yi wa manya, ya ce in yi haƙuri, ya san ya daɗe, zai tafi. Na shige kicin na yi kuka. Tsoro ne ya cika ni, da haushin kaina, da kunyar abin da zan gaya wa ƙannena da suka ce ga gwana.

Saura kwana huɗu mu koma asibiti wata tsohuwar ma'aikaciyata ta zo dubiya daga unguwar Arawa. Adda muke ce mata, don ta girme mu duka. Shekara goma sha takwas ta yi a ɗakin kwantar da maza tana goge ƙasa da kwashe fon majinyata. Kafin nan tallan nono take yi, firamare ma ba ta gama ba. Na taɓa rubuta mata takardar gargaɗi saboda ta jingine tsintsiya ta zauna hira da wani tsoho mara lafiya. Ta iso daidai abincin rana, ta tarar da mu yadda muka saba: ni da cokali, maigidana da bismillarsa, Baffa da kansa a ƙasa.

Daga bakin ƙofa ta durƙusa, ta gaishe shi da Fillanci, gaisuwa mai tsawo, idonta na kan tabarma. Ya amsa mata da muryar da na kwana biyu ban ji ba. Sannan ta yafito ni waje.

“Matiron, gidan wa yake?”

Na ce gidana mana.

“Gidan mijinki. Shi Alhajin da ke zaune yana ce masa ya ci, mene ne shi a wurinsa?”

Na ga inda ta dosa.

“Ke ma, yadda na ga yana sunkuyar miki da kai, ba 'yarsa yake gani ba. Matar gidan surukai yake gani. Kin taɓa jin Bafillatanin daji ya tauna abu surukai na kallonsa?”

Na yi gardama, don ban saba a gyara mini a kan majinyaci ba, balle mai goge ƙasa. Na ce shekara talatin yana ci da maigidana kwano ɗaya. Ta ce wancan Baffan kasuwar hatsi ne. Wanda ke cikin ɗakin nan saurayin ruga ne, gara masa ya faɗi don yunwa da a ga bakinsa na motsi. Ta ce ta yi jinyar uban mijinta shekara shida da irin wannan ciwo, ko sau ɗaya ba ta ga ya kai hannu baki ba, amma kullum kwano a wanke take ɗaukowa. Na kawo maganar sarƙewa. Ta ce ai kunnena lafiyarsa lau, in tsaya bayan labule in saurara, taku biyu ne tsakanina da shi.

Muka fitar da tebur da tawul. Ta shimfiɗa tabarma, ta jingina masa filo a bango yadda zai zauna a miƙe, wannan kam ni na dage a kai. Na dama fura mai kauri, na tace ta babu gudaji. Ta zuba a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ajiye can gefe da ludayi da buta, ba ta ce masa ga abinci ba, ba ta ce komai a kansa ba. Ta fito ta saki labule.

Mun daɗe a tsaye. Sai na ji an zuba ruwa a hannu. Sai ƙarar faifai, sai ludayi ya taɓa ƙwarya. Hannuna ya kai kan labule ban sani ba, Adda ta riƙe mini wuyan hannu, riƙo mai ƙarfi, irin wanda da a wurin aiki ne da ta sake samun takarda. Na tsaya ina ƙirga haɗiyarsa da kunne. Ya sha fiye da rabi.

Da muka koma asibiti na gaya wa likita komai. Ya saurara, ya yi tambayoyi, ya rubuta, ya ce mu ci gaba, kada dai in yi nisa da labulen. Ba a sa roba ba. Na tara ƙannena na ce magani da asibiti suna hannuna, amma abin da ya shafi ci da zama da yadda za a shiga wurinsa, abin da Adda ta ce shi za a yi. Ƙanena ya tambayi me ta karanta. Na ce ya je ya duba ƙwaryar.

Baffa ya murmure, wandonsa ya koma zama. Amma ni ban ƙara zama kusa da shi yadda nake so ba. Da na shiga sai ya gyara hula ya tattara ƙafafu, ya gaishe ni gaisuwar baƙo. Maigidana ma daga taga yake gaishe shi. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Na raini ƙannena a gabansa, na ɗauke shi zuwa gidana, ga shi ni ce wadda yake jira ta fita kafin ya sake.

Adda takan zo sau uku a mako. Wata rana da hantsi, ina tsaye a wurina na bayan labule, na ji ya rufe ƙwarya da wuri. Na ɗauka ƙin cin ne ya dawo. Sai ya kira Adda, ta wuce ni ta shiga. Ya yi ƙasa da murya, amma Fillancina ya isa in ji.

“Matar gidan nan tana wahala da ni. Tun da na zo ban ga ta sa komai a baki ba. Kai mata wannan. Kada ki ce daga wurina ne, za ta ji kunya.”

Adda ta fito da ƙwaryar ta miƙo mini, ba ta dube ni ba. Ya rage rabi daidai, ya goge bakin ƙwaryar, ya wanke ludayin ya ɗora a kan faifai. Na zauna a ƙasa a nan bakin ƙofarsa na shanye, a hankali, yadda ba zai ji ƙarar ludayi ba.