Ranar da Ishaya Ya Zaɓi Baho

Shekara tara ke nan da muka raka Ishaya makwancinsa a Sabon Tasha, amma har yau idan iska ta taso da la'asar sai na ɗaga kai na duba inda ta nufa. Makon jiya babban ɗansa Dauda ya kira ni daga Legas. Allah ya buɗa masa, yana son sayen kwalekwalen iska, irin mai doguwar sanda da ƙyalle, wanda iska ke turawa ba inji ba. An nuna masa biyu, na tsere da na yawon shan iska, ya rasa na ɗauka. "Baba Garba," in ji shi, "da Babana na raye, wanne zai ce in saya?" Na ce ya ba ni kwana biyu. Amsar tana da tsawo, kuma akwai abin kunyata a cikinta.

A matatar mai ta wajen Rido muka haɗu da Ishaya, shi yana walda, ni ina lantarki. Turawan wurin suna da irin waɗannan jirage a wani dam, wato madatsar ruwa, a bayan gari. Ishaya ke yi musu gyara ran Asabar, ni kuwa daga Makera nake bin sa don kashe kwarkwatar ido, har muka koya. Na tseren siriri ne, mutum biyu yake ɗauka. Ɗaya yana tuƙi, ɗayan ya maƙale ƙafafunsa a ɗamara ya saki jikinsa waje a kan ruwa, don kada iska ta kifar da jirgin. Ni ne mai sakin jikin, kuma ban taɓa son wani abu a duniya kamar wannan ba. Sau biyu a gasar tsere muka bar Turawan a baya suna tafa mana.

Sai jiri ya fara kama ni. Ina tsaye lafiya, duhu ya rufe mini ido, kafin in ƙirga biyar ya wuce. Likita ya ce jinina ne ya hau, ya rubuta a takarda cewa in nisanci tsani da ruwa mai zurfi. Na san idan abin ya same ni ina lilo a gefen jirgi, sai dai a nemo gawata. Duk da haka na ninke takardar na cusa ƙarƙashin katifa, ban gaya wa kowa ba, har maiɗakina Hadiza. Taurin kaina ba ɓoyayye ba ne a Makera.

A wannan daminar Baturen da Ishaya ke yi wa gyara ya tashi komawa ƙasarsu. Ya ce Ishaya ya zaɓi ɗaya cikin jiragensa biyu, kyauta. Ina tsaye ina murmushi, don a ganina babu ma abin zaɓa. Ishaya ya zagaya na tseren, ya shafa gefensa ya daɗe, sannan ya juya ya nuna ɗayan, wani ƙato mai faɗin ciki da benci biyu, wanda ko iska ta yi fushi tafiyar tsohuwa yake yi.

"Malam, ni fa na fara jin tsoron ruwan nan," ya ce da ni, bai ko kalle ni ba. "Girma ya zo."

Mutumin da ke tsallake dam ɗin da iyo! Raina ya ɓaci matuƙa. Nan take na raɗa wa jirgin suna Baho, sunan kuma ya bi shi. Wata uku ban taka bakin ruwan ba. A kantin cin abinci na wurin aiki na kira shi matsoraci a gaban jama'a, ya yi dariya ya ce, "Na yarda, Malam. Zo Asabar ka ga tsoro da idonka."

Daga ƙarshe na je, don zaman gida ran Asabar ya ishe ni. Baho yana ɗaukar mutum takwas. Maman Dauda ta zo da shinkafa, Hadiza ta zo da waina, mu kai tsakiyar ruwa mu saki igiya mu ci. Ko a shekarun da mutanen garin nan suka daina shiga unguwannin juna, ba mu fasa ba. Kullum Ishaya a gindin sanda yake zaunar da ni, tsakiyar jirgi, wai ni ne mai nauyi. Ni kuma kullum sai na tsokane shi da tsoro.

Ranar da muka dawo daga zaman makokinsa, inda na ba mutane labarin Baho har aka yi dariya cikin hawaye, muna tafe a mota ni da Hadiza har muka wuce Kakuri. Sannan ta ce, "Malam, ba tsoro ya ji ba. Ni na tsinci takardar likita ina juya katifa, na kai masa ya karanta mini. Ya ce in an hana ka, gobe za ka hau na wani. Ya ce in bar shi da kai."

Na tsayar da motar a gefen titi, don ban iya ganin hanya ba, kuma wannan karon ba jiri ba ne.

Da Ishaya zai ga Kaduna ta yau, da sababbin gadoji da samarin da ke gudu a kan babur kamar ana kiransu, na san zai tsaya ya yi kallo da sha'awa, don shi ma yana son gudu, ya fi ni so. Na ga yadda hannunsa ya daɗe a kan jirgin tseren nan. Baho kuwa ya ruɓe, yana tsakar gidansu cike da ƙasa, Maman Dauda na shuka alayyafo a ciki. Ni kuma ina nan, ina shan maganina, na aurar da 'ya'ya, na ɗauki jikoki shida a hannuna. Na gode wa Allah, na gode wa Ishaya, ko da yake godiyar ta makara.

Dauda, ga amsarka. Duka biyun jirage ne masu kyau, kuma ba laifi ba ne mutum ya so gudu. Amma kafin ka duba jirgin, ka duba wanda zai zauna kusa da kai a ciki. Haka babanka ya yi. Shekara goma sha huɗu ina kiransa matsoraci, yana amsawa.