Mai shayin tashar Burkusuma

A tashar Burkusuma akwai wani dogon Buzu, rawani har hanci, yana fifita garwashi kamar ba shi ake jira ba. Ina jin fari ne ya koro shi daga arewa. 'Yan kabu-kabun da a da suke kwankwaɗar shayi a tsaye, yanzu ga su baje kan tabarmarsa suna jiran dahuwa ta uku, fasinja na ta masifa.

"Baba, wai yaushe za ka gida?" in ji ɗayansu.

"Ruwa na sauka za ni koma, ɗana."

Yana faɗa yana juye ɗaurayen buta a gindin mangwaron da ya dasa. Mangwaron har ya fara 'ya'ya.