Magaryar da Inno Maiturare Ta Ce a Daka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma ga watan Sha'aban, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Inno Maiturare, yayar mahaifiyata wadda ta raine ni, a ɗakinta da ke bayan Kusugu a nan Daura. Ba zan ɓoye miki ba, Inno, tsorona ya fi baƙin cikina yawa.

Tun ina ƙarama, duk macen da ta rasu a unguwarmu ke kike yi mata wanka. Ba a aiko miki sau biyu. Ko tuwo kike tuƙawa, sai ki miƙa mini muciya, ki ɗauki garin magarya da turarenki ki fita. Abin da idonki ya gani a jikin mamaciya kuwa, ba wanda ya taɓa jin sa a bakinki. Wata ta taɓa matsa miki da tambaya a kan gawar surukarta, kika ce ta jira tata ranar, ita ma haka za ki rufa mata. Ba ta ƙara ba.

Sai gigin tsufa ya zo. Kika manta sunana, kina kirana baiwar Allah. Kika manta ɗanki Sada, har kina jan mayafi idan ya shigo. Ki ci abinci, a ɗauke kwano, ki ce tun jiya ba a ba ki komai ba. Likita ya ce mu yi haƙuri, hankalin ya tafi, mu ma muka yarda ba ki san inda kike ba.

Bara bayan girbi, Rabi maƙwabciyarmu ta shigo gaishe ki, garau da ita, tana ta barkwancinta. Ba ki gane ta ba. Amma kika kama ƙafarta, kika danna da babban yatsa, kika daɗe kina kallon wurin, sannan kika ce a daka magarya. Wallahi dariya muka yi, Rabi ta fi kowa, tana cewa wai so kike ki gaje mata miji. Kafin watan ya fita Rabi ta rasu. Ashe ciwon ƙoda mai kumbura ƙafa take ɓoyewa, ko mijinta bai sani ba.

Ban ce kin san gaibu ba, Allah Ya tsare ni. Amma tun ranar na gane akwai sanin da yake a sama, mai riƙe suna da ranar kasuwa, akwai kuma wani can ƙarƙashinsa wanda shekaru suka zuba a hannunki. Na saman ne ya tafi. Na ƙasan yana nan, ko izininki ba ya nema.

Kwanaki kaɗan kafin ki kwanta ciwon ajali, ina zaune gabanki ina yanke miki farce, kika sunkuya kika kama ƙafata. Kika danna. Ina gani gurbin yatsanki ya zauna bai taso ba. Kika ɗago kika yi mini kallon da rabona da shi tun kina da lafiya, kika ce:

"Haulatu, a daka magarya."

Sunana kika kira, Inno, bayan kin daɗe da manta shi.

Da kika rasu, kowa ya ce ai kanki kike nufi. Sada ma haka ya ce, wai in daina wannan shirme. To amma ƙafar wa kika riƙe? Ni na daka magaryar wankanki, ban auna ba, hankalina ma ba ya wurin turmin. Da aka gama, matar da ta yi miki wanka ta miƙo mini ragowar, ta ce na daka na mutum biyu. Nan take na zauna a ƙasa. Jibi Sada zai kai ni asibiti Katsina, ga autata Ummukulsum ko yaye ta ban yi ba.

Allah Ya jiƙanki, Inno, Ya gafarta miki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyyata ga Sada da jikokinki da dukan matan unguwarmu, Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Duk wanda ya ɗaga hannu zai yi miki addu'a, don girman Allah kada ya shafa sai ya sa Haulatu a ciki. Ragowar garin yana nan a ɗakina, na kasa zubarwa.